Ɗan Mahauci a Kan Sikeli

Ban taɓa mantawa da ranar da na ga babban mahauci ya tsaya a tsakiyar jama'a yana shinshina tafin hannunsa ba. Ku da kuka zo aikin nan bayanmu kuna yawan tsokanata, wai ni kocin kokawa ne ko kuku, tunda duk inda aka buɗe sansani sai na fara leƙa tukunya kafin in leƙa fili. To ku gyara zama, yau za ku ji dalili.

A lokacin ina mataimakin jami'in wasanni, kokawar gargajiya ta ɓangaren Karaye tana hannuna. Sama da ni akwai jami'in wasanni, Alhaji Sule, mutum mai son nasara kamar me. Duk kaka in an gama girbi mukan kara da 'yan Rogo, bana a wajenmu, baɗi a wajensu, kuma masu zaɓen 'yan wasa sukan zo daga Kano su kalla. Kokawar ofis ba irin ta dandali ba ce da kowa zai tuɓe riga ya nuna wanda yake so. Aji-aji ake yi gwargwadon nauyi, aji biyar, kowane gari ya kawo mutum ɗaya a kowane aji. Da safe a hau sikeli, bayan la'asar a shiga fili. Akwai kuma wata ƙa'ida: ba ka shiga aji sai nauyinka ya haura iyakar ajin da ke ƙasa da shi. An yi haka ne don kada a jefa ƙaramin yaro hannun ƙato ya karya shi. Ajin da ka rasa mutum kuwa, abokin karawa ya ci shi a ɓagas.

A shekarar, tun farkon damina, ɗan wasanmu na ajin kilo saba'in da biyar ya tattara ya tafi Legas neman abinci. Muka duba duk ƙauyukanmu, daga Yola har Kafin Dafga, ba wanda zai maye gurbinsa. Mai nauyin ba fasaha, mai fasahar ba nauyi.

Mai fasahar shi ne Nafi'u, saurayi ɗan Kafin Dafga. Ban taɓa horar da mai saurin ƙafa irinsa ba. Sai dai nauyinsa sittin da ɗaya ne, kuma ajin sittin da biyar na kyaftin ɗinmu ne, ba mai ture shi. Ƙofa ɗaya ta rage wa Nafi'u: ya haura sittin da biyar kafin kaka, ya shiga ajin da ya zama wayam.

Ga inda gizo ke saƙar. Nafi'u ba ya cin nama. Ba wai ba ya so ba, a'a, ba ya zama masa a ciki. Tun yana ƙarami in ya ji ƙarni sai amai, nama ne, kifi ne, ƙwai ne, duk ɗaya. Nono kawai yake sha lafiya. Kuma ikon Allah, ubansa Baba Ɗanlami mahauci ne na gado, tsohon ɗan dambe, wanda har gobe in ya dunƙule hannu sai ka matsa. 'Yan'uwansa 'yan wasa suka laƙaba masa Ɗan-awara, shi kuwa sai dai ya yi murmushi.

Da na kai wa Alhaji Sule sunansa, dariya ya yi har da buga tebur.

“Kai dai ba ka rabo da abin mamaki. Yaron da ko tsire ba ya ci za ka ɗora wa tsoka? Da me, da ganye?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, bijimin da ubansa ke yankawa, wane nama yake ci?”

Ya ce, “To na ji. Amma in muka je Rogo aka ci ajin nan a ɓagas, kai za ka yi wa mutanen gari bayani, ba ni ba.”

Na fito ina cika baki, alhali ni kaina ban san ta inda zan fara ba. Sai na nufi sashen lafiya wajen Malama Asabe, jami'ar da ke kula da abinci mai gina jiki. Na maimaita mata maganar bijimi ina jin na faɗi hikima. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “To Koci, sai ka je ka saya masa dusa da harawa.” Da ta gama yi mini dariya sai ta zaunar da ni. Ta ce tsoka abu uku take so: aiki mai nauyi, isasshen abinci mai gina jiki, da barci. Nama hanya ce mai sauƙi, amma ba ita kaɗai ba ce. Waken soya da muke nomawa muna lodawa a mota a kai birni, shi ne babba. Sai wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi. Ta ce a riƙa haɗa hatsi da wake, domin abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi, kuma kada ya ƙetare rana bai sha nono ba, don akwai abin da jini ke buƙata wanda tsiro ba ya bayarwa. Wahalar kawai, in ji ta, sai ya ci da yawa, kuma sau da yawa.

Saura uban. Na same shi a rumfarsa a kasuwa yana fiɗa. Ku sani Nafi'u ɗan fari ne, Baba Ɗanlami kuwa mutumin da ne, mai tsananin alkunya. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, ba ya zama inda yake, in zai yi maganarsa da ni sai ya ce “yaron naka”. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da kasuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

“Malam, mu gidanmu wuƙa muka gada da dambe. Yaron naka ba ga wuƙa ba, ba ga dambe ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ni ga shi na gani a gidana. Na ba ka shi zuwa kaka. In ya shiga fili a Rogo, na sallama maka shi. In bai shiga ba, ga rumfa nan, ko zai amayar da hanjinsa sai ya zauna ya koyi sana'ar ubansa.”

Na san ba wasa yake ba. Na kuma san abin da zaman rumfar nama yake nufi ga mutumin da ƙarni ke juya wa ciki.

Haka muka shiga aiki. Kayan horonmu ba sai na ba ku labari ba, har yanzu wasu suna nan a sito: gwangwanaye da muka cika da siminti muka soka musu ƙarfe, tsohuwar tayar tarakta, da buhunan masara. Ya ɗaga, ya tsuguna da buhu a kafaɗa, ya jujjuya taya, in jiki ya saba in ƙara masa nauyi kaɗan. Rana ɗaya aiki, rana ɗaya hutu, don a hutun ne tsokar ke ginuwa. Shi kuwa cin abinci ya zame masa aiki na biyu. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai ko alale. Ya sauke ƙarfe, awara na jiransa da madarar waken soya da mahaifiyarsa ta koyi tatsa. Da rana wake da shinkafa ko ɗanwake, da kwaɗon zogale da aka danna wa ƙuli. Fura da nono kuwa ta zama kamar magani. Akwai ranar da ya dube ni da kwano a gabansa ya ce, “Koci, don Allah a bar ni in ɗaga taya sau biyu, a yafe mini wannan.” Na ce taya ma za ka ɗaga, wannan ma za ka cinye.

Watan farko allurar sikeli ko motsi. Na shiga damuwa, in na hango Alhaji Sule sai in canja hanya. A wata na biyu ta ɗan gusa. Daga nan, jama'a, sai abu ya kankama! Kafaɗu suka buɗe, wuya ya cika, rigar da yake zuwa da ita ta fara ɗame shi a damtse. Wata rana a horo ya sunkuci kyaftin ɗinmu sama kamar damin dawa, ya ajiye shi a hankali. Fili ya kaure da ihu. Masu ce masa Ɗan-awara suka fara zagayawa bayan makaranta suna sayen awarar a ɓoye. Ana saura mako guda ya hau sikeli, allura ta wuce sittin da shida. Wallahi rawa na taka a gaban yara, ban ji kunya ba.

Makon ƙarshe muka shiga sansani a wata makaranta a Karaye. Al'adarmu ce, ana gobe karawa, dattawan gari da iyaye su kawo wa 'yan wasa gudummawar abinci, kuma ba a mayar da hannun babba. Bayan la'asar ina tsaye a bakin ƙofa, wa zan gani? Baba Ɗanlami, da kansa, riƙe da kular abinci. Mutumin da bai taɓa tako ƙafarsa wajen horonmu ba.

“Malam, ga wannan a ba yaron naka.”

Na buɗe, faten tsaki ne da wake da alayyafo, yana ta tururi. Na ce, “Baba, ba nama dai ko?”

Ya ce, “Ko tsoka ɗaya babu. Duba da kanka.”

Na juya da cokali, babu. Murna ta kama ni. Na kira Nafi'u, ya zo ya durƙusa ya gai da ubansa, ya karɓa da hannu biyu. Baba Ɗanlami bai tafi ba. Ya zauna a benci ya juya wa yaron baya, yana ba ni labarin tsadar shanu, amma ina lura kunnensa yana wajen cokalin. Nafi'u ya cinye faten tas, ya kankare kular. Da uban ya karɓa ya ji ta sakayau, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya yi sallama ya tafi.

Da asuba kyaftin ya tare ni a bakin masallaci. “Koci, Nafi'u fa bai runtsa ba. Amai yake ta yi, ya hana mu tashe ka.” Na same shi zaune, ido ya faɗa, leɓe ya bushe. Na tambaye shi me ya ci, ya ce, “Ba komai, Koci, zai wuce.” Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari, yana kurɓa muka hau mota.

A Rogo an kafa sikeli a barandar wata makarantar firamare, alƙalin awo ya zo daga Kano. Aka fara kira aji-aji. Ɗan wasansu na ajin saba'in da biyar wani ƙato ne daga Rogo Ruma, ana masa kirari da Bijimin Ruma, ya hau ya cika ajin fam, har sai da ya cire wando na sama. Aka kira Nafi'u. Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya ƙasa da sittin da biyar. Rabin kilo ne da 'yan kai suka hana. Aikin damina guda!

'Yan Rogo suka fara shewa. Alhaji Sule ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Alƙali ya ce, “Ƙa'ida ta ba shi damar sake hawa sau ɗaya kafin in rufe awo da hantsi. Ya ci, ya sha, ba ruwana. Amma in na rufe, na rufe.”

Ana cikin haka sai ga motar mahautan Karaye ta iso, da mai kalangunsu a sama yana ta kiɗa. Baba Ɗanlami ya sauko cikin babbar riga, fuska a sake. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, na tare shi ko gaisuwar kirki ban yi ba.

“Baba, don girman Allah me aka zuba a faten nan?”

“Na ce maka ba nama. Romon ƙashi ne kawai, na ɓargo. Ni na dafa shi da kaina, na tace a ƙyalle. Mu a zamaninmu ba ka shiga fili sai ka sha shi. Yaro zai kara da ƙato, a bar shi da wake?”

Na gaya masa abin da ya faru, na nuna masa sikeli. Fara'ar ta ɗauke. Ya juya wajen da Nafi'u ke zaune a ƙasa, amma da ni yake magana.

“Shi yaron naka bai ji ƙarnin ba ne?”

Nafi'u ya sunkuyar da kai. “Na ji, Baba. Tun lomar farko.”

“To don me ka cinye?”

“Kai ka kawo.”

Ni dai fushina ya bi iska. Sai Baba Ɗanlami ya juyo gare ni.

“Malam, me zai zauna masa a ciki yanzu?”

Na ce fura da nono, in za a samu, amma kasuwa ba ta ci ba tukuna, masu nono ba su iso ba. Ban rufe baki ba ya fizge makullin babur daga hannun wani ɗan'uwansa da ya biyo motarsu a kan babur, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya bi hanyar Ruma.

Jiran nan ya fi mini kokawar wahala. Ina ba Nafi'u ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, ina duban rana, ina duban alƙali. Aka gama awon ajin ƙarshe. Alƙali ya fara naɗe tabarmar da aka ɗora sikeli a kai. Sai muka ji ƙarar babur da hon ba ƙaƙƙautawa. Ga Baba Ɗanlami, hula ta karkace, ya ɗaure ƙwaryar nono guda a bayan babur da rawaninsa. Ashe a hanya ya tare wata Bafulatana, ya saye kayanta kaf, har ƙwaryar da ludayin.

Ya sauke, ya tsuguna, ya ɗauko curin fura zai marmasa. Sai ya tsaya. Ya kai tafin hannunsa hanci, ya shinshina. Ya juya bayan hannun, ya sake shinshinawa. Mutane sun kewaye mu, 'yan Karaye da 'yan Rogo, kowa na kallo. Ya mayar da furar a hankali, ya ja da baya.

“Malam, kai dama masa. Hannuna da ƙarni.”

Shekara ashirin da wani abu yana cewa aman yaron raki ne da sangarta. Ranar ce ya yarda.

Na dama. Nafi'u ya sha a hankali, ludayi bayan ludayi, muna kallon cikinsa kamar masu jiran haihuwa. Ta zauna! Ya ƙara, ta zauna. Alƙali ya ce, “Karaye, kira na ƙarshe.” Ya hau. Allura ta haura, ta dawo, ta sake haurawa, ta tsaya gashi ɗaya sama da sittin da biyar. Alƙali ya duƙa ya duba da kyau, ya ɗaga hannu ya ce, “Ya shiga.” Alhaji Sule, da girmansa da komai, ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa.

Na kwantar da yaron a inuwa ya yi barci, da azahar ya ci wake da shinkafa kaɗan. Kafin la'asar ido ya dawo daidai. Da aka zo ajinsa, mun ci biyu, Rogo sun ci ɗaya. A ƙa'idarmu duk wanda bayansa, ko gwiwarsa, ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an ka da shi. Bijimin Ruma ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ya shigo da niyyar gamawa da wuri. Ya cafko shi ya ɗaga, fili ya ɗauki ihu, Nafi'u ya maƙale masa ƙafa ya sauka a tsaye. Ya sake ɗagawa, ya sake sauka a tsaye. Ina gefe ina ta ihu har muryata ta dishe: “Riƙe shi! Bar shi ya gaji!” Can na ga ƙirjin Bijimi yana hawa yana sauka. Nafi'u ma ya gani. Ya duƙa kamar walƙiya, ya shige ƙarƙashinsa, ya sa kafaɗar nan da ta sha buhun masara, ya cicciɓe shi. Ƙato ya tashi sama, ƙafafu na lilo, sai ji kake tim!

Ban san lokacin da na faɗa fili ba. Amma akwai wanda ya riga ni. Baba Ɗanlami ya tsallake igiya, ya kama hannun yaron ya ɗaga sama, ya daka wa mai kalangu tsawa: “Kaɗa masa taken gidanmu! Nafi'u ɗana ne!” Mahauta suka ɗauki sowa. Nafi'u kuwa, da ya ka da Bijimi bai ko yi haki sosai ba, sai ga shi ya durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro. A ranar masu zaɓe suka rubuta sunansa zuwa sansanin Kano.

Abin da na koya shi ne, aikinmu ba a fili kaɗai yake ba. Ƙarfe da wake suna gina tsoka, wannan na gani da idona, kuma ba wanda zai sake gaya mini cewa sai da nama. Amma ɗan wasa ba daga sama ya faɗo ba, yana da gida, kuma mutanenmu in suna son ka, da abinci suke faɗa. Tun daga ranar, in zan tsara wa yaro abin da zai ci, sai na fara zama da wanda zai kawo masa kula. Shi ya sa kuke ganina a bakin tukunya.

Bayan kwana biyu ina wucewa ta kasuwa Baba Ɗanlami ya yafito ni. Alkunyarsa ta dawo daram, kamar ba shi ya yi ihu a Rogo ba. Muka gaisa, ya goge wuƙa, ya dubi hagu ya dubi dama kada maƙwabtan rumfa su ji, sannan ya rage murya.

“Malam, wannan waken da yaron naka yake ci, kwano nawa zai ishe shi zuwa Kano? Ko in sayi buhun kawai?”